Taswirar Jeppesen da Taswirar Hukuma: Wacce Ta Fi Daidaito?

Wani ɗan'uwa mai koyon tuƙin jirgin sama ya tambaya a wannan zaure ko wace taswira ce ta fi daidaito ga matuƙin da ke dogaro da na'urori a cikin gajimare ko hazo: ta kamfanin Jeppesen da ake saye, ko wadda hukuma ke bugawa. Amsata, Malam, ita ce a fannin lambobi kusan babu wadda ta fi wata, domin rijiya ɗaya suke ɗiba.

Jeppesen, wanda Elrey Jeppesen ya kafa a 1934 daga bayanan da yake rubutawa a ɗan littafinsa lokacin yana tuƙa jirgin wasiƙu a Amurka, ba shi ne yake tsara yawancin hanyoyin sauka ba. Hukumar kowace ƙasa ce ke auna tsaunuka da dogayen gine-gine, ta yanke alƙiblar da jirgi zai bi da iyakar ƙasa-ƙasan da zai yi kafin ya hango titin sauka. A Amurka aikin FAA ne, wato hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar; a Nijeriya NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, ita ce ke buga kundin bayanan; a Nijar kuwa ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka. Jeppesen yakan ɗauki waɗannan lambobi ya sake zana su da salonsa.

A zanen ne bambancin yake fitowa fili. Taswirar Jeppesen fasalinta ɗaya ne ko'ina, saboda haka matuƙin da ya tashi daga Kano ya nufi Jidda ya san inda idonsa zai faɗa a kan mitar rediyo, da alƙiblar sauka, da abin da zai yi idan saukar ta ƙi. Taswirorin hukuma kuwa, ko da yake suna bin ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kowace ƙasa da yadda take jera nata. Ta FAA kyauta ake sauke ta a intanet, kuma tana da ɗan zanen filin jirgi a shafin saukar kansa, amma sharuɗɗan tashi sai an neme su a wani sashe dabam da wata alama mai kusurwa uku ke nunawa. Jeppesen kuwa yakan haɗa su da shafin filin jirgin. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da hannunsa ɗaya ke kan sitiyari, kunnensa kuma yana wajen hasumiyar da ke ba jirage umarni.

Batun sabuntawa gajere ne. Duniya ta amince da zagayen AIRAC na kwana 28, wato jadawalin sabunta bayanan jiragen sama, inda manyan canje-canje ke fara aiki ranar Alhamis. FAA tana sake buga littattafan sauka duk kwana 56 tare da gyara a tsakiya, Jeppesen kuma ya saba aika gyare-gyare duk mako biyu. Abin da ya canja tsakanin bugu da bugu, sai a NOTAM, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa.

Inda haɗarin yake shi ne kuskuren da ya taso daga tushe, domin shi yakan bi kowace taswira. Ranar 3 ga Afrilu 1996 wani jirgin sojan Amurka ya daki dutse a kusa da Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya, mutum 35 suka rasu, har da sakataren ciniki Ron Brown. Binciken ya ɗora laifi a kan shugabannin rundunar da matuƙan, sannan ya gano cewa hanyar saukar tun asali ba a tsara ta daidai ba, an yarje wa jirgi ya yi ƙasa fiye da kima. Taswirar da ke hannunsu ta kwafi abin da hukuma ta bayar ne.

Akwai kuma saɓani tsakanin takarda da kwamfutar jirgi. Ranar 20 ga Disamba 1995 jirgin American Airlines mai lamba 965 ya nufi Cali a Kolombiya da dare. A takarda, tashar rediyo ta Rozo harafin R take ɗauke da shi, amma da matuƙan suka danna R, kwamfutar ta ba su wata tashar mai suna Romeo da ke kusa da Bogota, domin ita Rozo sai an rubuta cikakken sunanta. Jirgin ya karkata gabas cikin duwatsu, mutum 159 suka halaka, huɗu suka tsira. A 2000 wata kotu a Miami ta ɗora wa kamfanin jirgin kashi 75 cikin ɗari na alhakin, Jeppesen mai samar da bayanan kwamfutar kashi 17, Honeywell da ya ƙera kwamfutar kashi 8.

Saboda haka, idan kana makaranta kuma a cikin ƙasa ɗaya kake shawagi, ta hukuma ta wadatar, ga sauƙin kuɗi. Idan kamfanin jiragen ƙasa da ƙasa kake hanƙoro, ka fara sabawa da Jeppesen tun yanzu, ko taswirar Lido ta kamfanin Lufthansa Systems idan ita ce kamfanin ke amfani da ita. Kowacce ka riƙe, kafin tashi ka duba ranar fara aikinta, ka karanta NOTAM, sannan ka gwada suna da alƙibla da tazarar kowane zango na kwamfuta da abin da ke kan takarda.