Nandor da Guillermo: zango shida baki bai furta ba

Ƙanwata ce ta haɗa ni da shirin talabijin ɗin nan What We Do in the Shadows, ta ce in kalla in sha dariya. Dariyar na sha. Amma da na gama kashi na 61, na ƙarshe, zama na yi shiru da waya a hannu har aka kira sallar asuba.

Shirin reshe ne na wani fim da Jemaine Clement da Taika Waititi suka yi a New Zealand a 2014. Tashar FX ta Amurka ta haska shi daga 2019 zuwa 2024. Labarin wasu mayu ne masu shan jini, suna zaune gida ɗaya a Staten Island. Kowane kashi bai cika rabin awa ba, don haka ba ya cinye data. Ina gargaɗi tun yanzu: akwai zagi da batsa da jini, ba na kallo gaban yara ba ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne Nandor, tsohon mayaƙi mai shekara ɗari bakwai da ɗoriya, da baransa Guillermo. Shekara goma Guillermo yana yi masa shara, yana tashinsa daga akwatin gawa, yana jiran ranar da ubangidansa zai mai da shi maye. Ranar cikar shekara goman, sai Nandor ya miƙa masa hoton su biyu da ya yi da ƙyalƙyali. Ku dubi fuskar Harvey Guillén, wanda ya fito a matsayin Guillermo, a wurin nan: murmushi a baki, ido ya ciko. Duk wanda ya taɓa yi wa wani hidima yana jiran kalma ɗaya ya san wannan fuskar.

Nandor, wanda Kayvan Novak ya fito a matsayinsa, ba ya iya cewa komai. A ƙarshen zango na uku yana tsaye a tashar jirgin ƙasa yana kiran sunan Guillermo, bai san an rufe shi a akwati an nufi Landan da shi ba. A zango na huɗu kuma ya roƙi aljani ya sa amaryarsa Marwa ta so duk abin da yake so, sai ga ta tana nan-nan da Guillermo. Abin da miji ya kasa faɗa, a jikin matarsa ya fito. Sau uku na maimaita wurin.

Inda raina ya ɓaci shi ne labarin Freddie, saurayin Guillermo, da Nandor ya sa aljani ya yi masa irinsa. Wannan zalunci ne, kuma marubutan sun wuce shi kamar ba a yi ba. Sannan sun ja zaren ya yi tsawo. A zango na shida akwai makonnin da aka raba su babu dalili.

Wasu sun ji haushi da ba a furta so ba har aka rufe. Ni ban ji ba. Kakata ta rasu ba ta taɓa kiran sunan kakana ba, kuma babu wanda ya yi shakkar abin da ke tsakaninsu. A fage na ƙarshe, Nandor ya matsa gefe a cikin akwatinsa, wurin da Guillermo ya yi shekara da shekaru yana rufewa daga waje, ya ce masa ya shigo ya zauna. Nan na kasa riƙe hawaye.