Farashi Kan Kowane Wat Ko Lissafin Kaya Ɗaya-Ɗaya?

Masu sayar da sola suna yawan tambayata wanne za su saita a manhajar lissafin farashi: farashi kan kowane wat (ma'aunin ƙarfin wuta) ko lissafin kaya ɗaya-ɗaya.

Farashi kan wat ya fi sauri: ka sa adadi guda, manhaja ta ninka shi da girman aikin, shi ke nan. Sai dai yana ɓoye asara, domin doguwar waya, batir da rufi mai wuyar hawa ba sa bin wat.

Lissafin ɗaya-ɗaya akwai cin lokaci. Sai ka shigar da kuɗin faranti, inbata, ladan ma'aikata da sufuri, kana sabuntawa duk lokacin da farashi ya motsa. Amma nan nake ganin ainihin ribata.

Mai ayyuka iri ɗaya, na wat ya ishe shi. Mai haɗa batir da ayyuka mabambanta, ɗaya-ɗaya ya fi masa.