Kwana a kan rimi a bakin dajin Kakum: sharhin Bakatsine

Ga masu tambayata tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa: ƙwarai, a kan bishiya muka kwana ni da uwargida, kuma lafiya lau muka sauko.

Masaukin yana bakin dajin Kakum na ƙasar Ghana, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Ɗakin katako ne aka ɗora a jikin wani ƙaton rimi. Ba su sare reshe ko ɗaya ba, sai suka yanka daɓen ya zagaye kututturen, har kana kwance za ka iya miƙa hannu ka shafa ɓawon. Katifa, gidan sauro, ƙwan sola guda da wajen cajin waya, shi ke nan kayan ɗakin. Babu janareto, babu esi.

Rashin janareton nan shi ya biya ni kuɗina. Bayan isha'i suka rage wuta, daji ya ɗauka. Gyare, kwaɗi, sai kuma wata ƙara mai tsinka zuciya da ta sa uwargida salati. Mai gadi ya ce remar bishiya ce, 'yar dabba da ba ta wuce zomo ba, haka take kiran 'yan uwanta kullum dare. Da asuba hazo ya rufe ƙasa, mu muna samansa muna sallah, birai na tsalle a reshen da ke gabanmu.

To amma a ji sauran. Ruwan sama suke tarawa a tanki, don haka da awo ake wanka. Bayan gidan ba a kora masa ruwa, dusar katako ake barbaɗawa, kuma abin mamaki ba ya wari. Sai dai ba a yi shi da tunanin mai tsarki da alwala ba. Ka tafi da butarka, ka cika ta kafin magariba, don saukowa matakalar nan cikin duhu ba wasa ba ne. Ga danshi. Mu da muka saba shanya ta bushe kafin la'asar, tawul ɗinmu a jiƙe ya kwana, a jiƙe ya dawo jaka.

Da safe muka shiga gandun dajin muka hau gadar igiyar da aka buɗe a 1995. Gadoji 7 ne a jere, wani wajen ya kai mita 40 daga ƙasa, wato ya ninka hasumiyar Gobarau har da ɗori.

Ga ango da amarya ko matasa, wajen ya yi, amma kwana ɗaya ya isa. Mai ciwon gwiwa, mai tsohon ciki da mai ƙananan yara su kama ɗaki a Cape Coast, su zo da rana su ga daji. Kuma a sha maganin rigakafin maleriya kafin a taso.