Gilashin duba duwatsu da na saya a Bauchi, bayan damina biyu

Shekara uku ina hawan duwatsun wajen Geji duk Asabar ɗin da ba ni da aikin makaranta, ina dawowa da aljihu cike da tsakuwa. Duk farin dutse mai tsini da na gani sai in ce kan kibiyar mutanen da ne. Uwargida har kwano ta ware musu. Wani mai sayen duwatsu masu daraja a cikin gari ne ya ga abin da nake yi, ya ce, "Malam, ido kaɗai ba ya wannan aikin," ya sayar mini da irin gilashin ƙara girma da suke duba kaya da shi.

Ɗan ƙarami ne, ana naɗe shi cikin murfin ƙarfe kamar aska, da 'yar fitila a gefe. An rubuta 30x a jikinsa, wato ninki 30, amma wannan rubutu ne kawai. Na gwada shi da na wani abokina mai ninki 10, ban ga bambanci ba. Ban ji haushi sosai ba, domin ninki 10 shi ne daidai wannan aiki. Sai dai a koyi riƙo: gilashin ake mannawa kusa da ido, sannan a matso da dutsen har kamar inci ɗaya. Mako guda na yi ina miƙa hannu nesa ina cewa an cuce ni.

Ranar da na zazzage kwanon nan a tabarma na bi su ɗaya bayan ɗaya, jikina ya yi sanyi. Kusan dukansu fashewa ce ta Allah da Annabi, rana da ruwa suka yi aikinsu. Uku kacal suka nuna hannun mutum. Ɗaya 'yar tsakuwar ƙanƙara ce da ba ta kai gaɓar yatsa ba. A bayanta akwai ɗan tudu, wurin da bugu ya sauka aka ɓalle ta daga uwar dutse, a gefe guda kuma an bi an ɗan ƙwanƙwashe ta a jere, daki-daki, har gefen ya dakushe don a iya soka ta a ƙota. Irin waɗannan ƙananan kayan aiki na ƙarshen zamanin dutse masu bincike suka haƙo a kogon Kariya Wuro, nan jiharmu, a farkon shekarun 1980. Na daɗe ina kallon gefen nan, hawaye na neman zubo mini.

Na kuma duba gatarin aradu da kakata ta bari, wanda muka taso ana ce mana tsawa ce ta jefo shi. A bakinsa akwai siraran layuka duk sun nufi waje ɗaya, alamar wani ya zauna ya wasa shi a kan dutse, kwana da kwanaki.

Aibin gilashin ba ɓoyayye ba ne. Fitilar ta mutu tun ruwan farko da ya dake ni, ƙusar murfin tana kwancewa, sai na ɗaure da zare, kuma tsakiyarsa kaɗai ke nuna abu tangaran, gefe dishi-dishi. Mai hali ya nemi wanda aka haɗa gilasai uku a ciki. Mai farawa kuwa, wannan ya ishe shi.

Yanzu da wuya in ɗauko komai. Idan ruwa ya wanke gangare na ga abu, sai in duba, in ɗauki hoto da tsinken ashana a gefe don a gane girmansa, in rubuta wurin, in mayar. Haƙa ba ta halatta sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, bisa dokar 1979, kuma tsohon zanen mutanen da da ke jikin dutsen Geji ko yatsa ba na kai masa. Gudan ukun nan na naɗe su a auduga, ranar Litinin zan kai wa ma'aikatan hukumar su gani.