Gyaran zauren gidanmu a Rafindadi: shaidata kan aikin wani maginin gargajiya

Zauren gidanmu da ke Rafindadi a birnin Katsina kakanmu ne ya gina shi, kuma a daminar bara ya nuna gajiyarsa a fili: azara biyu suka lanƙwasa, yaɓen bangon gabas ya zube, zanko ɗaya ya narke har ya koma tarin ƙasa. 'Yan'uwana sun so a rushe shi a ta da na bulo da siminti, a kafa ƙofar ƙarfe kamar yadda maƙwabta suka yi. Na ƙi amincewa, kuma dalilina ya samo asali ne daga abin da na gani a Ingila lokacin da nake karatu a can.

A karkarar Ingila, manyan gidajen attajirai da sarakunan gargajiya na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kusan kowanne yana da wani ɗan gida a bakin ƙofar shiga gandunsa. A nan mai gadin ƙofa yake zaune da iyalinsa, sau da yawa tsohon baran gidan ne ko matar mai kula da lambu, yana buɗe wa keken doki ƙofa dare da rana. Ɗakunan ciki ƙanana ne, ba su wuce biyu ko uku ba, amma daga waje an ƙawata ginin da dutse ko jan bulo, da rufi mai tsini, da dogayen bututun hayaƙi, wani lokaci har da tambarin zuriyar mai gida a goshinsa, domin baƙo ya san darajar wanda zai je wurinsa tun kafin ya hango babban gidan. Da yawa daga cikin manyan gidajen an rushe su a ƙarni na 20, amma ƙananan sun tsira, kuma hukuma ta sanya wasu a jerin gine-ginen da doka ta hana a taɓa siffarsu sai da izini. Tun 1877 wani mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, William Morris, ya kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine, wadda ta tsaya kan cewa a gyara tsohon gini da irin kayan da aka yi shi, kada a sabunta shi har ya rasa kamanninsa. Na ce a raina, idan mutanen can suna tattalin ɗakin mai gadi haka, zauren da kakanmu da kansa ya zauna a ciki yana karɓar baƙi yana biya wa almajirai karatu ya fi cancanta.

Maginin da aka haɗa ni da shi dattijo ne da ya gaji sana'ar, yana aiki da yara huɗu. Ranar farko bai yi maganar kuɗi ba sai da ya hau rufin, ya ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari yana sauraron ƙararta, sannan ya sauko ya ce, "Alhaji, biyu ne kawai suka mutu, sauran sun fi ni lafiya." Na tambaye shi ko za a shafa siminti a gindin bango don kare shi daga ruwa, ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa numfashi take yi. In ka toshe ta da siminti, danshi zai zauna a ciki ya cinye ta daga baya, kai kana ganin waje sumul." Wannan shi ne ainihin gargaɗin da masu gyaran tsoffin gine-gine a Ingila suke yi, inda suke fifita farar ƙasa a kan siminti.

Aikin kansa abin kallo ne. Sun kwaɓa jar ƙasa da ciyawa suka bar ta kwanaki tana ruɓa ana tattakawa, suka mulmula tubali da hannu irin mai faɗin gindi da tsinin kai, suka shanya. Sababbin azarorin giginya ne, waɗanda gara ba ta cika yi wa illa ba, kuma ya jera su a ɗaurin gugan rufin, wato bakunan da suka sarƙe suna tallafe da shi, yadda sai wanda ya sani zai bambance sabo da tsoho. Abin da ya fi ratsa ni shi ne ranar da aka shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa: warinta ya cika layin, bangon ya ɗauki jan duhu mai ƙyalli, dattijon kuma ya bi sawun tsohon zanen dagi da ke saman ƙofa da ɗan yatsansa har ya fito kamar yadda na san shi ina yaro. Bai ƙara ko layi ɗaya nasa ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Mun yi da shi a kan makonni 4, aikin ya kai 7, saboda yana riƙe da wani gini a lokaci guda bai faɗa mini ba, har akwai kwanakin da yaran suka zo suka zauna babu mai nuna musu abin yi. Indararo ɗaya kuma an sa shi gajere, ruwan farko ya sauko yana lasar bango. Da na kira shi ya zo washegari ya canza da mai tsawo, ya sake yaɓe wurin, bai karɓi ko kwabo ba. Kuɗin aikin bai kai abin da aka ƙiyasta mana na rushewa da ginin bulo ba, sai dai ya gaya mini gaskiya cewa makuba tana buƙatar sabuntawa bayan 'yan shekaru, kuma dole a duba rufi kafin kowace damina.

Ina ba duk mai tsohon zaure a cikin birni shawarar ya nemi irin wannan magini, ya fara aikin da sanyin hunturu don ƙasa ta bushe sosai kafin bazara, kuma ya tambaye shi tun farko ko yana da wani aiki a hannu. A watan Afrilun nan, lokacin da zafi ya hana kowa zama a ɗakunan kwano, a zauren ne baffanmu yake shimfiɗa tabarmarsa bayan azahar.