Ƙarfen kafe kekuna da na saya: wata bakwai yana soronmu, ga abin da na gani

Jama'a barkanmu. Tun da na saka hoton soron gidanmu mutane ke ta tambayata wai ƙarfen nan da kekuna ke jere a ciki a ina na samo shi, kuma ya cancanci kuɗinsa ko a'a, toh bari yau in zauna in faɗi komai yadda yake, mai daɗin da marar daɗin, don wallahi da na samu wanda ya yi min wannan bayanin kafin in saya da ban yi wasu kurakuran ba.

Mu dai gidanmu kekuna biyar ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na jingine mashin na koma keke don zuwa wurin aiki, ƙanina ma ya bi sahu. Nawa mai giya ne tayar inci 26, na ƙanina babba ne inci 29 mai birkin faifai wanda masu gyara ke ce wa dis, sai na yara guda biyu, inci 20 da inci 16, sai kuma tsohon Raleigh na Baba wanda ya girme ni, har yau shi yake hawa zuwa kasuwa. Duk a soro ɗaya suke kwana, jikin bango, wannan kan wancan. Wanda ya san wannan rayuwar ya san wahalarta, feda ta shige cikin wayoyin tayar wani, kan keke ya sarƙe da wayar birki, kana sauri da safe sai ka fitar da guda uku kafin ka kai ga naka, ga kaca tana shafa wa yara baƙin mai a kayan makaranta kullum uwarsu na faɗa.

Abin da ya sa na ce ya isa haka, wata asuba ce ba wuta, Baba zai fita masallaci ya yi tuntuɓe da feda, kekunan nan suka zubo gaba ɗaya, ɗaya ya same shi a ƙauri. Bai ce komai ba, dattijo ne mai kawaici, amma da na ga yana ɗingishi yana dawowa raina ya ɓaci sosai. Ranar na fara nema.

Na fara tunanin irin ƙugiyar nan da ake kafawa a bango a rataye keke, sai dai soronmu ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, kusa ba za ta riƙe nauyi ba, za ta ɓaro bangon ne kawai. Kuma ko da bulo ne, wa zai ɗaga wa Baba Raleigh da ya kusa kilo 20 kullum, yaro ɗan shekara bakwai kuma ta ina zai kai. Shi ya sa na tsaya kan na ƙasa, wanda turo keke kawai za ka yi taya ta shige tsakanin ƙarafa biyu ta tsaya.

Ta intanet na yi oda, aka rubuta na keke biyar ne. Ya zo a kwali a wargaje, dogayen ƙarafa biyu na ƙasa, sai lanƙwasassun da ke riƙe taya, uku gajeru biyu masu tsayi, da ledar noti da ɗan alanki. Haɗawar ba wuya, ni da ƙanina ko awa ba mu yi ba, amma alankin da suka sako kamar na gwangwani yake, noti na huɗu bakinsa ya cinye, sai da na ɗauko namu na gida da sifana lamba 10. Washa biyu ma ba su cika ba. Shawara ɗaya a nan, kar ka ɗaure noti tamau sai ka gama saka su duka, mu mun ɗaure na farko da ƙarfi sai ramukan ƙarshe suka ƙi haɗuwa, dole muka sassauta muka sake.

Bari in fara da alherinsa don yana da shi. Soron ya zama soro. Hanya ta buɗe tun daga ƙofar waje har tsakar gida, ko cikin duhu ka san inda kowane keke yake. Abin da ya fi burge ni yaran ne, babban da kansa yake turo kekensa ya zura tayar gaba, ka ji ta zauna, ya juya ya shige gida, ba sai an bi shi da faɗa ba, ashe dama rashin wurin ajiya ne ya sa suke yar da shi a ƙasa ba ƙiwuya ba. Sati na farko maman yara ta ce min, "Baban yara, yau fa na share soro tas ban ɗaga keke ko ɗaya ba." Maganar ta zauna min, don ni ban taɓa lissafa cewa kullum sai ta ɗaɗɗaga su kafin ta yi shara ba. Fentin kekunan ma ya huta da gogayya, bango ya huta da baƙin shatin roba.

Toh amma maganar keke biyar ɗin nan, gaskiya ba haka ba ne. Ramuka biyar ne, eh, amma na sa tef na auna, tsakanin rami da rami bai fi santimita 30 ba, alhali kan keken ƙanina kaɗai ya haura santimita 70, nawa ma ya wuce 60. Dabarar da suka yi ta ɗaga wasu ramukan sama don kan wannan ya haye saman na wancan tana ɗan taimakawa, amma manya uku a jere dole su sarƙe, hannun birki ya riƙa kama wayar giyar maƙwabcinsa. Sai da na yi ta juya su kamar mai jera kaya a mota, babba, ƙarami, babba, sannan aka samu huɗu suka zauna lafiya. In kekunanku duk na manya ne ka ɗauka na keke uku ka saya, kar hoton talla ya ruɗe ka.

Inda na fi jin zafi shi ne keken ƙanina. Tayarsa mai kauri ce, 29 x 2.35 aka rubuta a jikinta, da kyar take shiga sai an danna, wannan ma da sauƙi. Matsalar faifan birkin ne. Faifan yana manne a tsakiyar taya ta gefen hagu, faɗinsa milimita 160, kuma ƙarfe ne siriri da bai kai milimita 2 ba, toh a rami mai tsayi ƙarfen yana tasowa daidai inda faifan yake. Duk sanda keken ya ɗan karkata nauyinsa kan faifan yake sauka. Mu ba mu lura ba sai da ya fara jin wata ƙara shii shii duk zagayen taya, ya kai wa mai gyara, mutumin yana juya tayar sau ɗaya ya ce faifan ya lanƙwashe, ya tambaye shi ko faɗuwa ya yi. Bai faɗi ba, ajiya ce kawai ta jawo. An miƙe shi da sifana, Allah ya taimaka bai kai ga canji ba. Mun gwada shigar da shi ta baya, nan kuma ɗan ƙarfen da ke canza giya ne yake dukan ƙarfen, wanda shi in ya lanƙwashe giya ta daina shiga daidai ke nan. Yanzu a gajeren rami na can gefe yake, kuma a hankali yake saka shi.

Raleigh na Baba kuwa akasin haka ne. Tayarsa 28 x 1½, siririya, sai ta yi ta lilo a cikin ramin, keken ya kwanta gefe guda, nauyin nan duka ya koma kan wayoyin taya da gargare, kuma haka gargare ke karkacewa a hankali ba ka sani ba. Ga madigadin gaba dogo yana kama ƙarfen. Na yanka tsohon tif na naɗe ƙarafan don ramin ya matse, ya yi dama-dama, amma kwana uku Baba ya kira ni ya ce, "Kai, bar min abina a kan jak ɗinsa, shekara nawa yana tsayuwa da ƙafarsa." Na ce to Baba. Kuma gaskiyarsa ne, irin waɗannan kekunan na da, da su Phoenix na China, jak ɗinsu mai ƙafa biyu ne da ke ɗaga tayar baya, suna tsayawa cak ba sa buƙatar komai. Na ware masa gefen ƙofa shi kaɗai, can yake yanzu.

Dabarar tif ɗin dai ban yar ba, ita na yi wa ramin ƙaramin keken mai inci 16, don shi ma tayar ta yi wa ramin kaɗan.

Wani abu kuma, ƙarfen ba shi da nauyi. A kan simintin soro mai santsi, in ka turo keke da ɗan ƙarfi sai shi ma ya ja baya, in keke ɗaya ne kawai a gefe ya kan ɗaga ɗaya gefen. Akwai ramuka a ƙafafunsa na kafe shi a ƙasa amma ba su sako kusoshin ba, sai da na saya daban na kira mai injin huda ya kafe min guda huɗu. Daga ranar ya zama wani abu daban, ko yaro ya hau kai bai motsi. Wanda ke gidan haya da ba a yarda ya huda ƙasa ba, ya ɗaure shi kan katako mai kauri guda biyu, zai rage sosai.

Sai tsatsa. Da rani da hunturu lafiya lau, ƙura ce kawai, ita kuma tsumma ya ishe ta. Amma damina na kankama, feshin ruwan da ke shigowa ta ƙofar soro ya fara taruwa a ƙarƙashinsa, kafin ƙarshen Agusta duk bakin noti da ƙasan ƙarafan sun yi ja. Fentin baƙi ne mai kyau a ido amma siriri ne, duk inda taya ke gogawa ya tashi. Na goge da samfefa na shafa jan fentin nan na hana tsatsa sannan na bi da baƙi. Da na sani tun ranar farko zan yi masa haka kafin in haɗa. A tsakar gida a fili kuwa ban ba shi damina biyu ba, kuma dama bai kamata keke ya yini a rana ba, zafin watan Afrilu na nan Kano da ke haura digiri 40 yana tsattsaga taya ya busar da sirdi.

Dan Allah kuma kar wani ya ɗauka maganin ɓarawo ne. Taya kawai yake riƙewa. In ka zura sarƙa ta cikin tayar gaba ka kulle da ƙarfen, kekunan zamani da yawa tayar gabansu da hannu ake kwance ta ba ko sifana, mutum zai bar maka tayar ya tafi da sauran. Ni doguwar sarƙa nake bi da ita ta cikin jikin kekunan duka in haɗa da ƙarfen ƙasa, sannan a rufe soro.

Toh in aka ce zan sake saye? Don kekunan yara da irin nawa mai birkin roba, taya tsakanin inci 20 zuwa 26 mai matsakaicin kauri, eh zan saya ban yi nadama ba, ko don ƙafar Baba. Amma kafin ka tura kuɗi ka durƙusa ka karanta lambar da ke jikin tayarka, ta farko girman taya ce ta biyu kaurinta, ka auna faɗin kan kowane keke, ka tambayi mai sayarwa faɗin ramin da tsayinsa, in ya kasa faɗa maka ka nemi wani. Ka kuma auna wurin, babban keke yana cin kusan santimita 180 daga tayar gaba zuwa ta baya, ga filin da za ka ja shi baya ka fitar.

Shi kuwa keken ƙanina na yanke shawarar raba shi da wannan ƙarfen gaba ɗaya. Shekaranjiya muka tura shi wurin mai walda na bakin layinmu, na ce Malam ga abin da nake so, na keke ɗaya, da paip mai kauri, ramin ya yi daidai da wannan tayar, tsayinsa kuma ya tsaya ƙasa da faifan da kamar yatsa uku. Ya tsuguna ya auna da tef ɗinsa ya zana da alli a ƙasa, shi ya ma ƙara da cewa zai faɗaɗa ƙafafun don kar ya kife. Na roƙe shi ya bi duk inda ya yi walda da garanda ya goge kaifin kar ya yanki taya, ya sa jan fenti kafin baƙi. Ya ce in dawo ran Asabar bayan la'asar, in zo da keken a gwada a gabansa.