MEA, MDEA ko gauraye: wane ruwan amin ya dace da hayaƙinka?

Mai shirin sayen ruwan amin, wato sinadarin da ake wanke hayaƙin masana'antu da shi don kama iskar CO2 (kabon dayoksaid), kada ya fara da tambayar kuɗin ganga. Ya fara duba irin hayaƙin da zai wanke, sannan ya lissafa tururin da zai kashe wajen dafa ruwan, don nan ne kuɗi ke zurarewa.

Aikin dai iri ɗaya ne. Ruwan na gangarowa daga saman hasumiya, hayaƙi na hawa, amin ya cafke CO2 a zafin digiri 40 zuwa 60 na ma'aunin Selsiyas. Daga nan a dafa ruwan a wata hasumiyar zuwa kusan digiri 120, ya saki abin da ya kama, a sake amfani da shi.

A cikin nau'o'in amin, MEA tsohon hannu ne. Ana haɗa kashi 30 cikin ɗari da ruwa, kuma yana da saurin kamu ko da CO2 ɗin kaɗan ne. Sai dai kamun kazar kuku yake yi: yana ɗaure iskar ta zama kabamet, wani haɗi mai wuyar rabuwa, ƙwayar amin biyu kan ƙwayar CO2 ɗaya, kuma kafin ya saki tan guda sai an kashe gigajul (ma'aunin makamashi) 3.5 zuwa 4 na zafi. Ga cin ƙarfe. Oksijin ma na lalata shi, ruwan da aka zuba garau sai ka tarar ya yi duhu.

MDEA, wani nau'in amin ɗin, ba ya yin kabamet, wani haɗin ne daban mai suna bayikabonet yake haifarwa, ƙwayar amin ɗaya kan ƙwayar CO2 ɗaya, sakinsa kuma da sauƙi. Rashin sauri ne matsalarsa. Ya fi dacewa da iskar gas mai matsi sosai, kamar a Sleipner, wurin haƙo gas a tekun ƙasar Nowe, inda ake amfani da shi tun 1996. A bututun hayaƙi marar matsi ba zan saya shi kaɗai ba, sai da fiferazin, wani amin mai ƙara masa hanzari.

Ga hayaƙin tashar wuta, hankalina ya fi kwanciya da gaurayen AMP (shi ma nau'in amin ne) da fiferazin, wato CESAR1 da aka gwada a cibiyar gwaji ta Mongstad da ke Nowe, domin ya fi MEA tattalin tururi. Amma a kula: idan ya yi sanyi yana iya daskarewa ya toshe bututu, fiferazin kuma idan ya gamu da oksaid na naitirojin yana haifar da naitirosamin, mai haɗarin sankara.

Akwai na kamfanoni, irin KS-1 da Petra Nova, tashar kama CO2 da ke Amurka, ta fara da shi a 2017. Kafin ka sa hannu, nemi mai sayarwa ya rubuta maka kilo nawa na amin ke salwanta a kowane tan na CO2, kuma a hayaƙi irin naka.